Shirin Rage Ƙiba A Wurin Aiki: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Wata al'ada ta yaɗu a manyan ma'aikatu da kamfanonin duniya, har ta fara leƙo mu, watau a wayi gari shugabannin wurin aiki su ba da sanarwa cewa sun shirya wa ma'aikatansu hanyar samun lafiya. Sai a kawo sikeli da abin awon hawan jini, kowa ya hau a rubuta nauyinsa, a gayyato wani masani ya yi lacca a kan illar maiƙo da gishiri da sukari, a raba riguna masu tambarin kamfani, sa'an nan a sa ranar da za a fita tattaki da sassafe. Bayan wata shida ko shekara guda sai rahoto ya iso teburin shugaba, cewa waɗanda suka shiga shirin sun fi waɗanda ba su shiga ba ƙoshin lafiya, sun fi su zuwa aiki, kuma ba su cika zuwa asibiti ba. Shugaba ya sa hannu, a sake ware kuɗi don baɗi.

Babu mai hankalin da zai yi gardama a kan amfanin rage ci da motsa jiki. Malamanmu sun daɗe suna jan kunnenmu game da cika ciki fiye da kima tun likitocin zamani ba su ce komai ba, kuma duk wanda ya ga yadda hawan jini da ciwon sukari suke kayar da magidanta, masu zaman ofis da masu zaman shago, ya san abin ba na wasa ba ne. Tambayar da za mu duba a yau daban take. Shin shirin nan da ake kashe wa kuɗi shi ne yake kawo lafiyar da rahoto ya nuna, ko kuwa dama masu lafiyar ne suke rugawa su shiga cikinsa? Magana ce ta awo, kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa in mudu bai cika ba, duk lissafin da aka ɗora a kansa ya rushe. Ƙasar Amurka ce ta fi kowace ƙasa zuba kuɗi a wannan harka, can ne kuma aka yi awon da ya fi inganci, saboda haka yawancin labarinmu can zai tsaya. Amma tushen maganar yana birnin Landan.

WANDON DIREBA DA NA KWANDASTA

A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon wani bincike a mujallar likitoci ta Lancet. Shi da abokan aikinsa sun duba takardun ma'aikatan sufuri na Landan, mutum wajen 31,000, masu shekara 35 zuwa 64. Motocin bas na birnin masu bene ne. Direba yana zaune bisa kujera kusan duk tsawon aikinsa, shi kuwa kwandasta ya hau sama ya sauko ƙasa yana karɓar kuɗi, har a yini ɗaya yakan taka matakala 500 zuwa 750. Ga su cikin gari ɗaya, cikin mota ɗaya, masu rufin asiri iri ɗaya. Da aka ƙidaya sai aka ga ciwon zuciya yana kama direba kusan 3 cikin kowane 1,000 a shekara, kwandasta kuwa kusan 2, kuma in ya kama direba ya fi saurin kashe shi. Da ya duba ma'aikatan gidan waya ma haka ya tarar, masu yawon raba wasiƙu a ƙasa ko bisa keke sun fi akawuna da masu zaman haɗa waya tsira.

Abin da ya sa Morris ya cancanci yabo shi ne bai tsaya nan yana buga ƙirji ba. Ya tambayi kansa, to, in ya zamana tun farko masu jiki ne suke neman aikin direba, sirara kuma su nemi na kwandasta fa? In haka ne, ke nan da bambancinsu suka zo, matakala ba ta da hannu a ciki. Sai ya nemo takardun awon yunifom ɗin da hukumar sufuri take ɗinka musu, ya duba faɗin ƙugun wandunansu. A 1956 ya bayyana abin da ya gani, cewa lalle tun suna samari direbobi sun fi kwandastoci faɗin ƙugu. Sai da ya ƙara shekaru yana bin sawunsu, yana gwada mai tumbi da mai tumbi, siriri da siriri, kafin ya natsu cewa duk da haka kwandasta yana da rinjaye. Morris ya rasu a 2009 yana da shekara 99, kuma har ya tsufa tukuf bai bar motsa jiki ba. Tambayar wandon nan tasa ita ce masu tallan shirin lafiyar ma'aikata suka yi shekaru suna tsallakewa.

A Amurka, kimanin rabin jama'a ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya, watau kamfani ne yake biyan kaso mafi tsoka na kuɗin maganin ma'aikaci da iyalinsa. Don haka tumbin ma'aikaci ya shafi aljihun mai kamfani kai tsaye. Tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Johnson & Johnson ya fara irin wannan shiri, wasu suka bi sahu. A 2010 masana uku na Jami'ar Harvard, Katherine Baicker da David Cutler da Zirui Song, suka tattara binciken da aka yi a baya suka haɗa lissafi, suka ce a kan kowace dala ɗaya da aka kashe, kuɗin asibiti yana raguwa da dala 3.27, asarar fashin aiki kuma da dala 2.73. Wane ɗan kasuwa ne za a ce masa zuba ɗaya ka kwashi shida ya tsaya yana wasiwasi? A cikin wannan shekara aka sa hannu a dokar lafiya ta zamanin Shugaba Obama, wadda ta ba kamfanoni dama, daga 2014, su ɗaure har kashi 30 cikin 100 na kuɗin inshorar ma'aikaci a kan cika sharuɗɗan lafiya, kamar nauyin jiki ko awon jini. Ya zuwa 2018, manyan kamfanoni 82 cikin kowane 100 masu ba da inshora suna da irin wannan shiri, kuma harkar ta kai ta dala biliyan 8 a shekara.

Aibin lissafin 2010 shi ne, da yawa daga cikin binciken da aka tattara an gina su a kan gwada waɗanda suka shiga don ra'ayin kansu da waɗanda ba su shiga ba. Kaɗan ne a cikinsu suka auna wando.

ƘURI'A TA RABA GARDAMA

Hanyar da take raba wannan gardama ita ce ƙuri'a. In kana da mutum dubu, ka jefa ƙuri'a ka raba su gida biyu ba tare da son rai ba, to, masu teɓa da sirara, masu himma da malalata, masu ciwo a ɓoye da masu lafiya garau, duk za su rabu kusan daidai wa daida. Sai ka ba gida ɗaya shirin, ka bar ɗayan yadda yake. Duk wani bambanci mai kauri da ya bayyana bayan shekara, shirin ne ya kawo shi. Sharaɗin kawai shi ne ka ƙidaya kowa a gidan da ƙuri'a ta sa shi, har da wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, da wanda ya zo sau biyu ya gaji. Mai tumatir da ya sayo kwando goma, uku suka ruɓe, in ya lissafa ribarsa a kan bakwai ɗin da suka shiga kasuwa kaɗai, kansa ya yaudara.

Wannan aiki shi aka yi a Jami'ar Illinois daga shekarar 2016. Masana uku, Damon Jones da David Molitor da Julian Reif, suka tsara shiri cikakke irin wanda kamfanoni suke saye, suka sa masa suna iThrive. Ma'aikata 4,834 suka yarda a sa su cikin binciken. Ƙuri'a ta ba 3,300 damar shiga shirin, sauran 1,534 aka bar su. Shirin kuwa ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Akwai awon jini da na nauyi, akwai takardar tambayoyi a kan halin rayuwa, akwai azuzuwan rage ƙiba da na motsa jiki da na barin taba da na jure wa gajiyar zuciya, kuma an yarda ma'aikaci ya halarta cikin lokacin aiki ba a yanke masa ko kwabo ba. Har lada ake bayarwa, shi ma da ƙuri'a aka raba yawansa. A nan aka fara koyon darasi: inda ba a ba da ko sisi don awon farko ba, mutum 47 cikin 100 suka zo, da aka sa dala 100, suka zama 59, da aka ninka zuwa dala 200, mutum 4 kacal suka ƙaru. Watau dala ɗarin ta biyu kusan duk ta tafi ne aljihun waɗanda dama za su zo.

Bayan shekara guda suka auna abubuwa kimanin 40, tun daga kuɗin asibiti da na magani, da fashin aiki, da ƙarin girma, da barin aiki, da yawan zuwa ɗakin motsa jiki na jami'a, har zuwa shiga gasar gudu ta garin. A abu biyu kaɗai aka ga bambanci. Na ɗaya, waɗanda aka ba shirin sun fi cewa an taɓa yi musu awon lafiya, wanda ba abin mamaki ba ne tun da awon yana cikin shirin. Na biyu, sun fi yarda cewa shugabanninsu sun damu da lafiyarsu. Sauran kuwa shiru. An buga wannan a 2019. A 2020 suka fitar da sakamakon shekara biyu, wanda ya ƙunshi awon da ma'aikatan jinya suka yi da hannunsu: nauyi, da hawan jini, da kitsen cikin jini, da sukarin jini. Babu wani bambancin a zo a gani tsakanin gidajen biyu. Abin da ya ƙaru shi ne yawan masu cewa suna da likitan da suke gani, da kuma kyautata zaton da mutane suke yi wa lafiyar kansu.

To, ga inda labarin ya fi daɗi. Masanan nan suka ce bari mu yi kamar ba mu jefa ƙuri'a ba, mu yi lissafi irin wanda aka saba, mu gwada waɗanda suka halarci shirin da waɗanda suka ƙi. Nan take shirin ya yi kyau kamar amarya. Masu halarta sun fi zuwa motsa jiki, kuɗin asibitinsu ya fi ƙanƙanta, ba su cika barin aiki ba. Mutanen nan su ne dai, takardun ma su ne, amma awo ɗaya ya ce shirin ya yi abin al'ajabi, ɗayan ya ce bai motsa komai ba. Da suka koma ga takardun shekarar da ta gabaci shirin sai asiri ya tonu. Tun kafin a san da wani iThrive, waɗanda daga baya suka halarta dama sun fi ƙarancin kuɗin asibiti, da fiye da dala dubu a shekara, dama su ne masu zuwa ɗakin motsa jiki, dama su ne masu shiga gasar gudu. Kwandastoci ne tun asali. Masu ƙaramin albashi kuwa, da masu shan taba, da waɗanda ciwo ya fi ci wa kuɗi, su ne suka fi zama a gefe.

Wani zai ce ai wannan jami'a ce, wurin 'yan boko masu inshora mai kyau. To, an yi irinsa a wurin masu aikin ƙarfi. Kamfanin BJ's Wholesale Club yana da manyan kantunan sari a gabashin Amurka. Daga Janairun 2015 zuwa Yunin 2016 aka ɗauki kantuna 160 masu ma'aikata 32,974, ƙuri'a ta zaɓi 20 aka kai musu shiri mai darussa takwas a kan abinci da motsa jiki da makamantansu, masana abinci ne kuma suke koyarwa. Bayan wata 18, da aka tambayi ma'aikata, wajen 70 cikin 100 na kantunan shirin suka ce suna motsa jiki a kai a kai, a sauran kantunan kuwa wajen 62. Masu cewa suna lura da nauyinsu ma sun fi yawa. Amma da aka bar tambayar baki aka koma ga sikeli da awon jini da takardun asibiti da rajistar zuwa aiki, ba a ga bambanci ba. Aka sake dubawa bayan shekara uku, labarin bai canja ba. Mai karatu zai so ya san su wane ne suka yi wannan bincike: Zirui Song da Katherine Baicker, biyu daga cikin ukun nan da suka kawo lissafin dala 3.27. Sun gwada maganar bakinsu da awo mai tsanani, ta faɗi, suka fito suka buga da sunansu. Irin wannan hali yana da wuya a ko'ina, a kasuwa ko a ofis.

Dole a yi wa shirin adalci. Shekara biyu ko uku ba su isa a ga raguwar ciwon zuciya ba, domin ciwo ne mai tafiyar hawainiya. Kuma jin daɗin da ma'aikaci yake yi cewa an damu da shi ba abin yarwa ba ne, mai kamfani yana iya cewa wannan kaɗai ya ishe shi. Amma nauyin jiki da hawan jini ba sa buƙatar shekara goma kafin su motsa. In shirin rage ƙiba ya shekara biyu sikeli bai san an yi ba, da wuya a ce sai a shekara ta goma zai farga. Ko a rahoton da cibiyar bincike ta RAND ta yi wa gwamnatin Amurka a 2013, wanda ba na ƙuri'a ba ne, abin da masu halarta suka rage bai wuce kimanin rabin kilo a shekara ba.

WA YAKE BIYAN TARA?

Da a ce asarar ta tsaya a kan kuɗin kamfani, da sai mu ce mai dukiya ya yi yadda ya so da abinsa. Amma inda aka ɗaure kuɗin inshora a kan sikeli, akwai wanda yake biya. Abin da aka kira lada ga wanda ya cika sharaɗi, tara ce ga wanda bai cika ba, suna kawai aka sake mata. Mun kuwa ga su wane ne suke shiga da su wane ne suke zama a gefe. Babban akawu mai ofis da fanka, wanda yake iya barin teburinsa awa guda ba mai tambayarsa, shi ne zai karɓi ladan. Mai shara da mai gadi da mai aikin dare, waɗanda ba su da ikon barin bakin aiki, kuma abincin da aljihunsu yake iya saya shi ne mai maiƙo da sukari, su ne za su biya. Shirin da bai ƙara wa kowa lafiya ba, amma yana kwashe kuɗi daga hannun mai rauni yana miƙa wa mai ƙarfi, sunansa zalunci ko da an rubuta “lafiya” a goshinsa.

Shi kansa sashen dokar nan na kashi 30, 'yan siyasar Amurka sun riƙa jingina shi ga kamfanin kantuna na Safeway, domin shugabansa na lokacin, Steven Burd, ya rubuta a 2009 cewa ta wannan hanya ce suka hana kuɗin maganin ma'aikatansu hauhawa. A farkon 2010 jaridar Washington Post ta bincika ta tarar cewa saukin kuɗin ya zo ne a 2006, sa'ad da kamfanin ya sake tsarin inshorarsa, alhali ɗaure kuɗi a kan awon jiki sai a 2009 aka fara shi. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Amma duk da haka dokar ta wuce.

Ko tsoron asarar kuɗi yana sa mutum ya rame? An gwada wannan ma da ƙuri'a a asibitocin Jami'ar Pennsylvania. Ma'aikata 197 masu ƙiba aka nema su rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, aka yi wa wasunsu alkawarin abin da ya kai dala 550. Da aka buga sakamakon a 2016, bayan wata 12 waɗanda aka yi wa alkawari da waɗanda ba a yi wa ba duk suna nan kusan inda suke.

ABIN DA YA NUNA ALAMA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ba abin da za a iya yi. Abu biyu sun nuna alama, kuma duka biyun ba su yi kama da lacca da rabon riga ba.

Na farko shi ne a nemi wanda ciwo ya riga ya kama, ko yake bakin kamawa, a tsaya a kansa sosai. A wani babban gwaji na ƙuri'a da aka buga a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya hau amma bai kai ciwo ba. Gida ɗaya aka ba kowa mai horarwa nasa, da darussa 16, da buri bayyananne: rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, da tafiya mai sauri ta minti 150 a mako. Cikin shekara kusan uku, kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100 a wannan gida, alhali a gidan da aka ba ƙwayar metformin da kashi 31 ya ragu. Wannan ba a wurin aiki aka yi shi ba, amma ya nuna irin nauyin aikin da ake buƙata kafin sikeli ya motsa, mutum a kan mutum, wata da watanni. Lissafin da RAND ta yi a kamfanin PepsiCo, wanda aka buga a 2014 bayan an bi ma'aikata shekara bakwai, ya nufi wajen nan: sashen kula da masu ciwon sukari da ciwon zuciya da makamantansu ya mayar da dala 3.78 a kan kowace dala, sashen nasiha ga kowa da kowa kuwa bai mayar da ko rabin dala ba. Sai dai shi ba na ƙuri'a ba ne, a riƙe shi da hannu biyu.

Na biyu shi ne a sake abin da ke gaban ma'aikaci lokacin da yunwa ta kama shi. A babban asibitin Massachusetts da ke Boston, a 2010 aka sa wa abincin ɗakin cin abinci alama irin ta fitilar ba da hannu, kore da rawaya da ja, aka kuma sa ruwa da abinci mai kyau daidai inda ido yake fara sauka. Na'urar karɓar kuɗi ce ta ba da shaida, ba bakin mutane ba: bayan shekara biyu, abin sha mai jar alama ya sauka daga kashi 26 na cinikin abin sha zuwa 17. A Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco kuwa, a 2015 aka daina sayar da lemon kwalba mai sukari a harabar gaba ɗaya, ko da yake ba a hana kowa ya zo da nasa ba. Cikin ma'aikata 214 masu yawan sha da aka bi, abin da suke sha a yini ya sauka daga sama da lita ɗaya zuwa wajen rabin lita, kuma ƙugunsu ya ragu da santimita 2 bayan wata goma. Amma mudun da muka auna wasu da shi, dole mu auna waɗannan da shi. Babu gidan da ƙuri'a ta bari ana ci gaba da sayar masa da lemo don a gwada. Kuma a shi asibitin na Boston, da aka yi gwajin ƙuri'a a kan ma'aikata 602 ana aika musu saƙonnin nasiha gwargwadon abin da suka saya, sakamakon 2021 ya nuna sayayyarsu ta gyaru amma nauyinsu bai bambanta ba. Gyaran ɗakin abinci dai yana da araha, yana kuma isa ga masinja kamar yadda yake isa ga darakta, ba sai wani ya rubuta sunansa ba.

Game da mu nan, akwai abin da bai kamata a kwaso daga Illinois ido rufe ba. Can, kusan kowane ma'aikaci yana da inshora da hanyar ganin likita, saboda haka awon da aka yi masa a ofis bai faɗa masa sabon labari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma duk wanda ya zauna da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata a ƙasar nan ya san akwai magidanta masu shekara hamsin da ba a taɓa ɗaura musu abin awo a dantse ba. A wurin irinsu awo yana iya zama ceto. Amma awo ba magani ba ne. In an gaya wa mutum jininsa ya hau aka sallame shi da takarda, ba likita, ba ƙwaya, ba ranar dawowa, an ƙara masa fargaba ne kawai. Abin da ya kamata shugaban ma'aikata ya tambaya shi ne, cikin waɗanda aka samu da hawan jini bara, nawa ne suke shan magani bana, nawa ne kuma jininsu ya sauka.

Ko a nan ma sai an yi hattara da lissafi. Awon jini yana hawa yana sauka kamar farashin kasuwa. In ka tsinci waɗanda nasu ya fi hawa a ranar awo, ka sake auna su bayan wata uku, da yawansu za su nuna ƙasa da na farko ko da ba a yi musu komai ba, domin ranar farko ta zo musu ne a kan tudu. Haka kuma lokacin awo. Binciken da aka tattara a kan masu azumin Ramadan ya nuna mutum yakan rage wajen kilo ɗaya cikin watan, kuma yawancinsa yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Duk wanda ya auna ma'aikata cikin Sha'aban, ya sake auna su a daren salla, ya rubuta ragin a littafin shirinsa, ya ci ladan da ba nasa ba.

Ita ƙuri'ar kuma ba sai jami'ar Amurka ba. Banki mai rassa ashirin, ko ma'aikatar jiha mai ofisoshi a ƙananan hukumomi, ko ƙungiyar 'yan kasuwa mai layuka da yawa, da wuya kuɗi ya isa a fara ko'ina lokaci guda. Tun da dole wasu su jira, sai a rubuta sunayen rassan a 'yan takardu, a zuba cikin hula a gaban kowa, a zaro goma da za a fara da su bana, goman da suka rage su samu baɗi. A auna kowa a rassa ashirin ɗin cikin wata ɗaya, da sikeli iri ɗaya, a sake aunawa a irin wannan wata na shekara mai zuwa. Sakamakon kowane mutum ya tsaya tsakaninsa da ma'aikacin jinya, jimla kaɗai za ta je teburin shugaba. Wanda zai haɗa lissafin kuma kada ya zama shi ne ɗan kwangilar da ya sayar da shirin.